Mutanen Rumfa Ba Su Koyar da "Ba Ruwana" Ba



Kwanakin baya wata dattijuwa ta kawo ƙarar ɗanta zauren maigida, muna gefe da littafi da alƙalami kamar yadda muka saba. Mijinta ya yi wata biyu a gadon asibiti da shanyewar ɓarin jiki. Ɗan yana nan cikin Kumasi, trotro ɗaya ne tsakaninsa da asibitin, amma sau ɗaya tak ya leƙa. Ba ta ce ya hana kuɗi ba, duk ƙarshen wata yana turo abin da ya sawwaƙa ta waya. Abin da ya kawo ta shi ne, duk lokacin da aka buɗe ƙofar ɗakin, sai tsohon ya juya ido ya duba ko wa ya shigo.

Aka aika aka kira yaron. Ya zo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da manya. Natsattsen yaro ne, ba a taɓa jin sa da shaye-shaye ko faɗa ba. Da maigida ya tambaye shi, sai ya ce, "Baba, ciwon nan ba a hannuna yake ba. Zuwana ba zai ƙara masa lafiya ba, sai dai ya ɗaga mini hankali. Na koyi kada in bar abin da ba ni da iko a kansa ya dame ni." Aka ce a wace makaranta ya koyi haka? Ya ciro waya ya nuna mana hoton wani gunkin dutse mai gemu, da 'yan kalmomin Turanci a ƙarƙashinsa.

Tun daga ranar muka fara lura da gunkin nan. Yana kan WhatsApp ɗin 'ya'yanmu, yana TikTok, ana ambatonsa a majalisun shan ataya daga Aboabo har Nima. Muka ga bai dace mu yanke hukunci a kan abin da ba mu karanta ba, sai muka nemi littattafan mutanen muka duba. Abin da muka tarar shi ya sa muka ɗauki alƙalami: rabin magana aka sayar wa 'ya'yanmu, kuma rabin da aka ɓoye shi ne mai nauyin.

Asalin abin a birnin Atina ne na ƙasar Girka, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani mutumin tsibirin Kubrus mai suna Zeno, wanda ake ba da labarin cewa falke ne jirginsa ya nutse da hajarsa, ya zauna yana karantarwa a wata doguwar rumfa mai ginshiƙai a bakin kasuwa. Daga sunan rumfar a harshensu Turawa suka samo kalmar "Sitoyik". Larabawa suka fassara suka ce Riwaƙiyyun, mu kuwa sai mu ce Mutanen Rumfa. A lura da wurin da suka zaɓa. Wasu masana na zamaninsu sun keɓe kansu a lambu, su kuwa suka zauna inda ake ciniki da shari'a da gardama. Wanda ya gaji Zeno, Kiliyantis, ɗan garuwa ne: da dare yana jan ruwa yana ba lambunan mutane, da rana yana gaban malam, kuma ya riƙe makarantar wajen shekara 30.

Mutum uku na zamanin daular Rum su ne maganarsu ta fi isowa gare mu. Akwai Seneka ɗan Kurɗuba, attajiri, malamin sarki Nero kuma mashawarcinsa, wanda a shekara ta 65 Miladiyya sarkin ya umarce shi ya kashe kansa. Akwai Efiktetus, bawa gurgu, haifaffen ƙasar da yau take cikin Turkiyya, wanda ya sami 'yanci, aka kore shi daga Rum tare da sauran masana, ya buɗe makaranta a garin Nikofolis. Bai rubuta komai da hannunsa ba, almajirinsa Ariyan ne ya tattara abin da ya ji. Na ukun shi ne mai gemun cikin waya, Markus Oreliyas, wanda ya yi sarautar Rum daga 161 zuwa 180, yana rubuta wa kansa nasiha da Girkanci, wani sashe a sansanonin yaƙi na iyakar kogin Danub.

Efiktetus ya kasa al'amuran duniya kashi biyu. Akwai abin da ke hannun mutum: yadda yake fassara abin da ya same shi, da niyyarsa, da abin da ya zaɓa ya aikata. Akwai abin da ba ya hannunsa: lafiyar jiki, dukiya, suna, muƙami, da abin da mutane za su faɗa. Har nan yaron bai yi ƙarya ba. Sai dai an yi rabon ne domin mutum ya san inda zai zuba ƙarfinsa, shi kuwa ya mai da shi hujjar naɗe hannu. Warkewar uba ba ta hannun ɗa, wannan gaskiya ne. Amma hawa trotro yana hannunsa. Juya majinyaci kada bayansa ya yi gyambo, da ba shi koko a baki, da zama kusa da shi har ya yi barci, da karɓar uwa ta je gida ta yi wanka, duk suna hannunsa. Mutanen Rumfa suna buga misali da maharbi: gyara baka da daidaita kibiya aikinsa ne, amma da zarar ta bar tsirkiya, iska na iya karkatar da ita. Ba su ce tunda iska ba tasa ba ce ya rataye kwari ya kwanta ba.

Abin mamaki, irin wannan magana ta taɓa zuwa gaban Efiktetus kansa, tana cikin juzu'i na farko na darussansa. Wani ma'aikacin hukuma ya ba shi labarin cewa 'yarsa ta yi ciwo mai tsanani, ya kasa jure ganinta, ya bar gidan, bai koma ba sai da aka aiko masa cewa ta sami sauƙi. Ya ce ƙauna ce ta sa. Efiktetus ya bi shi da tambayoyi: ko uwar yarinyar ba ta ƙaunarta, da mai renonta? Idan kowa ya gudu saboda ƙauna, a hannun wa za a bar ta? Shi kuma ran da ya kwanta, zai so matarsa da 'ya'yansa su nuna masa irin wannan ƙauna? Mutumin bai sami ta cewa ba. A wani darasin kuma ya gargaɗi almajiransa kada mutum ya zama kamar gunki marar ji, ya ce a kiyaye haƙƙin zama ɗa da ɗan'uwa da uba da ɗan gari. Yau ga shi da hoton gunki ake tallata karatunsa, ana koya wa yara su zama gunkin.

Haka aka yi wa Markus. Nasiharsa da aka fi yaɗawa ita ce wadda yake shirya kansa da safe cewa yau zai gamu da butulu da mai girman kai da maƙaryaci da mai hassada. A nan masu bidiyo suke yanke maganar, su sa kiɗa, su ce ka gani, mutane ba abin yarda ba ne, ka kama kanka. Ci gaban maganar kuwa cewa ya yi waɗannan mutanen 'yan'uwansa ne, jahilci ne ya sa su haka, ba zai ƙi su ba, domin an halicci mutane su yi aiki tare kamar yadda gaɓoɓin jiki ɗaya suke yi. Littafin nasa ma da godiya ya buɗe shi, yana lissafa abin da ya koya wurin kakansa da mahaifiyarsa da malamansa ɗaya bayan ɗaya. Annoba ta shiga daularsa daga shekara ta 165, yaƙi ya biyo baya, kuma marubuta tarihinsa sun ce ya fitar da kayan fada aka yi gwanjonsu wata biyu don kada ya ƙara wa jama'a haraji. Ya haifi 'ya'ya fiye da goma, ya binne yawancinsu. Wannan ne mutumin da aka mayar limamin "ba ruwana".

Akwai kuma wani daga cikinsu, Hiyerokilis, wanda ya kwatanta mutum da ɗigo a tsakiyar da'irori: ta kansa, ta iyali, ta dangi, ta unguwa, ta gari, har zuwa ta 'yan Adam duka. Ya ce aikin mai hankali shi ne ya riƙa jawo na nesa kusa, har ya ba da shawarar a kira ɗan baffa ɗan'uwa, a kira baffa da goggo uba da uwa. Muka karanta muka yi murmushi, domin abin da malamin Girka yake wa almajiransa wasiyya da shi, shi ne abin da kowane yaron zango ya tashi ya tarar a tsakar gida. Masu kawo raina mata cikin wannan karatu su ma su sani cewa malamin Efiktetus, Musoniyus Rufus, ya tsaya a kan cewa mata su yi ilimi kamar yadda maza suke yi, ya kuma yabi aure da renon 'ya'ya.

Ba mu musun cewa karatun yana da amfani a wannan zamani. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa biyu na Amurka, Albert Ellis da Aaron Beck, sun gina hanyar maganin damuwa a kan cewa yadda mutum yake fassara abu shi ke tayar masa da hankali, kuma sun yarda cewa Mutanen Rumfa sun riga su faɗa. Wani matuƙin jirgin yaƙin Amurka, James Stockdale, an harbo jirginsa a Biyetnam a 1965, ya yi fiye da shekara bakwai a kurkuku, ya ce karatun Efiktetus ne ya riƙe shi. Shi ma bai keɓe kansa ba, jagorancin 'yan'uwansa fursunoni ya ɗauka, ya sha azaba a kan haka. Daga baya littattafai irin na Ryan Holiday, na 2014 da na 2016, suka shigar da abin kasuwa. Daga kasuwa ya faɗa hannun masu yanka bidiyon daƙiƙa talatin, su kuwa sun san abin da ke tara masu kallo. Idan ka ce wa saurayi ya rabu da duk mai damunsa, zai danna ya yaɗa. Idan ka ce masa ya je ya wanke wa ubansa tasa, zai wuce.

To, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu manya mu muka tsaga shi. Yaron nan bai fara jin "ba a hannunka yake ba" daga bakin Bature ba, daga bakinmu ya fara ji, da kalmar haƙuri. A zauren nan mun rubuta ƙarar gwauruwar da 'yan'uwan mijinta suka cinye gadon marayunta, aka sallame ta da "ki yi haƙuri, Allah na nan", alhali masu faɗa mata hakan suna da bakin da za su tsawata. Mun ga matar da ake duka ana mai da ita ɗaki da haƙuri. Mun ga gota ta toshe da leda wata shida a ƙofar masallaci, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna, aka ce ƙaddara. Wanda ya tuna daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle ta Accra suka ci rayuka wajen 150, ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Saukar ruwa ba ta hannun kowa. Kwashe gotar ƙofar gida tana hannunmu, haka ma tashi mu je ofis mu nemi a yi babbar magudana, mu koma, mu sake komawa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa haƙuri iri uku ne: haƙuri a kan aikata abin da aka wajabta, haƙurin barin abin da aka hana, da haƙuri a kan musiba. Biyu na farko aiki ne da gumi. Mu muka yar da su muka riƙe na uku, shi ma muka mai da shi murfin rufe bakin mai rauni. Don haka dattijon da ya ce wa gwauruwa ta yi shiru da saurayin da ya ce ciwon ubansa ba ruwansa, cuta ɗaya ke damun su. Kowannensu ya ɗauki abin da ke hannunsa ya jefa cikin kwandon abin da ba ya hannunsa don ya huta. Mutanen Rumfa sun lissafa kyawawan halaye huɗu: hikima, jarumta, kamewa da adalci. Natsuwar da babu adalci a cikinta ba su san ta ba, mu ma addininmu bai san ta ba.

Wani ɗan'uwa malami ya ce mana me ya kai mu karanta maganar masu bautar gumaka? Muna girmama shi, amma ba mu muka fara ba. Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9 Miladiyya, ya rubuta risala a kan dabarar kawar da baƙin ciki, a ciki ya kawo misalin matafiyan jirgin ruwa da suka sauka a tsibiri, wasu suka shagala da tsince-tsince har aka kira su koma, misalin da asalinsa yake wurin Efiktetus. Miskawaihi ya ɗauko daga gare shi a littafinsa na gyaran halaye. Magabata sun tace sun ɗauki tsaba sun zubar da dusa, mu ma haka za mu yi, kuma dusar a fili take. Abin da Mutanen Rumfa suke kira ubangiji wani hankali ne da ya cuɗanya da duniya, ba Mahaliccin da muke bauta wa ba. Sun halatta wa mutum ya kashe kansa idan al'amari ya ƙure, mu kuwa haramun ne a gare mu. Ba su da hisabi da sakamako irin wanda muka yi imani da shi. Mutanen nasu ma ba ma'asumai ba ne: Seneka ya yi wa'azin gudun duniya yana kan tarin dukiya, kuma a zamanin Markus an kashe Kiristoci saboda addininsu. Idan muka hana yara karatu ba tare da mun faɗa musu wannan ba, za su karanta a ɓoye, daga bakin wanda ba ya ƙaunarsu.

Tsabar kuwa ga ta, kuma kowa na iya gwada ta daga yau. Seneka ya ce babban maganin fushi jinkiri ne. Gidaje nawa ne a zangon nan suka rabu saboda saƙon murya da aka tura wa rukunin dangi cikin zafin rai? Wanda aka ɓata wa rai ya ajiye waya, ya yi alwala, ya kwana, in da safe maganar tana da sauran amfani ya taka ya je ya faɗe ta ido da ido. Seneka ya kuma ce duk dare, bayan an ɗauke fitila, yakan bi yininsa ya tuhumi kansa a kan abin da ya faɗa da abin da ya aikata. Wannan muhasaba ce, mun san ta, mun dai bar ta ne.

Suna kuma koyar da a hango musiba tun ba ta zo ba, don kada ta sami mutum a buɗe. Mu 'yan zango bai kamata a koya mana wannan ba. Iyayenmu sun ga 1969, lokacin da aka ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana, mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Abin da gwamnati za ta yanke gobe ba ya hannun talaka. Yi wa jariri takardar haihuwa, da yankar katin ɗan ƙasa, da rubuta cinikin fili a gaban shaidu, da rubuta wasiyya, suna hannunsa. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a ƙasar nan. Darajar sidi ba ta hannun mai sayar da waake a bakin titi. Amma cin bashi don a yi anko kala uku a biki ɗaya, wannan mu muka ɗora wa kanmu, mu ne kuma za mu iya saukewa.

Wanda yake son sanin ko ya fahimci karatun, ya yi wa kansa tambaya ɗaya duk lokacin da bakinsa ya ce "ba a hannuna yake ba": to mene ne a hannuna cikin wannan al'amari? Idan amsar ta tashe shi tsaye, ya fahimta. Idan ta kwantar da shi a katifa da waya a hannu, to lalaci ne ya sami sabon suna.

Maigida bai yi wa yaron doguwar magana ba a ranar. Ya dube shi ya ce, "Ɗana, ba wanda ya ce ka warkar da shi. Cewa aka yi ka je." Bayan mun karanta, muka kira shi muka ba shi labarin ma'aikacin nan da ya gudu ya bar 'yarsa, muka nuna masa wurin a littafin, domin ya ga malamin nasa ne ya faɗa ba mu ba. Ya daɗe yana kallon shafin bai ce komai ba. Tsohon har yanzu yana kwance, likitoci ba su yi alkawarin komai ba. Amma ranar Juma'ar da ta wuce, da muka je dubiya bayan masallaci, mun tarar da yaron a bakin gado da ƙwaryar ruwa da reza yana gyara wa ubansa gemu, uwar kuwa ta tafi gida ta huta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu haƙurin da ake tashi a yi aiki da shi, Ya raba mu da naɗe hannu, manyanmu da yaranmu.